Faifan Wasiyyar Malam

Na san kun taɓa jin an ce ni na danne wasiyyar kakanku har wata biyar. Ba wanda zai faɗa muku a gabana, amma a Miga har yanzu akwai masu yin shiru idan an ambaci sunana. Tun da ƙarfina ya fara ja baya nake son in rubuta muku abin da ya faru a shekarar nan yadda ya faru. Laifin da ake ɗora mini ban aikata shi ba. Akwai wani dabam da na aikata, wanda ba a cika faɗa ba, kuma ya fi wancan nauyi.

A lokacin ina aikin buga takardu a wani ofishin gwamnati a Dutse, muna zaune a unguwar Takur. Da tafireta na fara, da kwamfuta ta shigo aka koya mana, daga baya babanku ya samo mini wata tsohuwa na ajiye a falo. Ina buga wa mutane takardu da ita, ina kuma ɗora wa maƙwabta karatu da wa'azi a faifan sidi. Mahaifina, wanda kowa ke kira Malam, yana da makaranta a zauren gidanmu na Miga, yara da allo da safe, manya da littattafai bayan la'asar. Mu uku muka rage masa: kawunku Ɗahiru, wanda nake kira Yaya, sai ni, sai autarmu Hadiza da ke aure a Ringim. Mijinta Malam Nasiru ɗalibin Malam ne tun yana ƙarami, kuma kowa ya san ya fi Yaya zurfi a littattafai. Yaya kuwa shi ne a gida, shi ke noma gonar, shi ke tayar da yara karatu. An daɗe ana raɗe-raɗin wanda zai gaji makarantar a cikinsu, Malam bai taɓa cewa komai ba.

Da ciwo ya kwantar da shi aka kawo shi Dutse saboda asibiti, ya zauna a wurinmu kusan wata biyu. Wata rana da hantsi, kun tafi makaranta, ya daɗe yana kallona ina aiki, sai ya tambaye ni ko wannan akwatin yana ɗaukar murya. Na ce yana ɗauka. Ya sa na shimfiɗa masa buzunsa kusa da tebur, na riƙe masa makirfo, ya yi magana fiye da awa ɗaya da minti goma. Ya fara da addu'a, ya ambaci malamansa ɗaya bayan ɗaya, ya nemi gafarar maƙwabta da sunayensu, ya yi wa ɗalibai nasiha. Sai can a ƙarshe ya zo kan makaranta. Ya ce makaranta da littattafai suna hannun Ɗahiru, Nasiru kuma ya riƙa zuwa duk mako yana ba manyan ɗalibai darasi, kada ɗayansu ya ga an rage shi. Da na kashe, ya riƙe hannuna.

"Rabi, wannan maganar kada ta fita daga bakinki. In ke kika faɗa, za a ce kin karkata, ko nan ko can. Ranar arba'in ki sa su ji daga bakina, a zaurena, gaban dattawa."

Na yi masa alkawari. Ya koma Miga, bai cika mako uku ba Allah ya karɓi abinsa.

Ana saura kwana uku sadakar arba'in na ɗora maganar a faifai uku, na saurari kowanne a kwamfuta har ƙarshe, lafiya lau. A ofis ba za a sake ni ba sai ranar da safe, ga damina ta kankama, ina tsoron ruwa ya tsare ni a hanya. Hadiza ta zo Dutse sayayyar sadaka, sai na sa faya-fayan a ambulan, na manne, na ba ta. Ta wuce Ringim ta kwana biyu, sannan suka tafi Miga ita da mijinta. Na iso ana shirin farawa. Maza sun cika zaure har waje, mu mata muna bayan ƙofar cikin gida. Yaya ya kawo rediyonsa mai cin faifai, ya sa sababbin batura. Da muryar Malam ta fito, ba wanda bai sunkuyar da kai ba. Aka saurara fiye da awa ɗaya, ana share hawaye. Sai Malam ya ce, "To, sai batun makaranta. Abin da na," daga nan muryar ta kama maimaita kanta, na, na, na, rediyon ya yi ɗan ƙara, ya yi shiru. Yaya ya fitar da faifan ya goge da bakin rigarsa, ya mayar, ya tura gaba zuwa wurin, ya sake tsayawa. Aka sa na biyu, aka sa na uku. Ɗaya ya ɗan wuce da kalma biyu, ɗaya bai ma kai ba, amma duk a nan suka maƙale. Yaya ya taso ya tsaya a bakin ƙofar da muke.

"Ke kika ɗauka, kin ji abin da ya ce. Faɗa wa mutane."

"Yaya, ya sa na yi alkawari ba zan faɗa ba. Ya ce daga bakinsa za ku ji."

"Alkawari," in ji shi. "Kuma faifai uku duk sun san inda za su tsaya."

Ya juya ya koma. Na ji idanun matan gidan a bayana. Liman ya rufe taro da addu'a, mutane suka watse suna magana ƙasa-ƙasa.

Nan ne nawa laifin ya fara. Na karɓi faya-fayan na shiga tsohon ɗakin mahaifiyarmu na ɗaga su a hasken taga. A gefen ɗaya na ga ɗan siririn zane kamar gashi. Na kuma tuna ba a cikin ambulan na gan su ba, a naɗe suke cikin wani ƙyalle. Ni kaɗai na san abin da Malam ya ce, don haka ni kaɗai na san wanda maganar ba za ta yi wa daɗi ba. Cikin ɗan lokaci zuciyata ta gama haɗa labarin: sun buɗe a Ringim, sun saurara, sun ji ba Nasiru aka ba makaranta ba, sun yi abin da suka yi. Na aika aka kira Hadiza. Goggonninmu biyu suna zaune a ɗakin, ban ko jira sun fita ba. Na tambaye ta wa ya buɗe ambulan, ta ce ita ce, ruwa ne ya jiƙa ta a mota.

"Kwana biyu suna gidanki," na ce. "Lafiya lau na ba ki su. Ki gaya mini abin da ke da mijinki kuka yi musu."

Ta dube ni kamar ba ta gane harshen da nake magana da shi ba. Ta ce, "Ni, Yaya?" Ta ɗauki mayafinta ta fita, kafin magariba sun kama hanyar Ringim.

Na dawo Dutse na ɗora sababbi, na saurara, ba inda suka yi gargada. Wannan karon babanku ne ya kai su da hannunsa. Ya dawo ya ce mini a wuri ɗaya suka tsaya. Mai hankali a nan zai gane Hadiza ba ta da hannu, ya tashi ya je ya ba ta haƙuri. Ni kuwa sai zargin ya canza hanya. Na tuna ranar arba'in Malam Nasiru yana zaune kusa da rediyon, na ce to rediyon aka taɓa. Aka aro wani a garin, shi ma ya tsaya, na ce ai mai rediyon ɗalibin Nasiru ne. Na zargi mai shagon da nake sayen faifai, na koma wani shago, na sayi wani iri. Har babanku bai tsira ba, saboda shi da Malam Nasiru suna shiri, kuma ya kan tsaya gaisawa da shi in ya bi ta Ringim. Na fara kulle falo in zan tafi aiki, ina tafiya da makullin a jakata. Ya lura, sai ya daina zama a falon ko ina nan. Wata goggonmu ta aiko mini da turaren hayaƙi, wai in yi wa kwamfutar, hannu aka sa mata. Na yi dariya da aka kawo, amma kada in ɓoye muku, na kunna shi.

Hanyoyin fita suna nan, kowacce zargi ya toshe ta. Na ce su zo Dutse su ji a kwamfuta, Yaya ya ce ba zai je ɗakin ƙanwarsa ya ji wasiyyar ubansa ba, an ce a zaure gaban dattawa. Na ce in ɗauka a kaset, ya ce kaset ana tsayarwa a tsallake abin da ba a so. Babanku ya ce mu ɗauki kwamfutar da injin wuta mu kai Miga, ni na ƙi. A cikinta kaɗai muryar Malam take cikakkiya, kuma na riga na sa a raina cewa akwai mai jiran ta shiga hannunsa. A Miga ana cewa na ɓoye ne don Yaya aka ba, ina son mijin ƙanwata. A Ringim ana cewa Nasiru aka ba, ina kare ɗan'uwana. Manyan ɗalibai suka rabu, wasu suka daina zuwa zaure, wasu suka koma bin Malam Nasiru. Yaya ya daina amsa gaisuwata in na aika. Abin da ya fi ci mini rai shi ne, shi da ya fi kowa tsananta mini, shi maganar ta ba gaskiya. Sau da yawa na ɗauki biro in rubuta masa layi biyu a huta. Sai in tuna yadda Malam ya riƙe hannuna, in ajiye.

Ana cikin kaka, wata maƙwabciyarmu, Maman Sadiya, ta shigo da wani faifan wa'azi da na taɓa ɗora mata. Ta ce ta daɗe tana son ta gaya mini, duk sanda malamin ya kusa rufewa sai rediyonta ya kama in'ina ya tsaya. Gajerun da na yi mata ba sa haka, wannan dogon ne kawai. Na roƙe ta ta ara mini rediyon. Da ta tafi na rufe ƙofa, na ɗora maganar Malam a sabon faifai da na ɓare da hannuna, na fitar da shi daga kwamfuta na sa a rediyon, na rage murya. Na zauna na saurara tun daga farko. Ya zo kan batun makaranta, ya ce na, na, na, ya yi shiru. Ba kowa a ɗakin sai ni. Faifan bai je Ringim ba, bai je Miga ba, hannun kowa bai taɓa shi ba sai nawa.

Washegari na je wurin Malam Bala, wani dattijo mai gyaran rediyo a bakin titin unguwarmu. Ko a lokacin ban saki jiki ba, faifan Maman Sadiya na kai masa, ba na Malam ba. Ya sa a rediyo biyu, ya tsaya a duka. Ya ɗaga shi ya duba, ya ce ba zane ba ne. Sai ya tambaye ni minti nawa kwamfutata ke ɗauka kafin ta gama ɗora faifai ɗaya. Na ce ba ta kai minti uku, har da ɗan alfahari na faɗa. Ya cire tabarau ya ajiye.

"Hajiya, maganar awa guda da wani abu a minti uku? Ai rubutun bai zauna ba. In injin yana gudu, sama-sama yake rubutawa. Idon kwamfutarki mai ƙarfi ne, shi ya rubuta, zai karanta abinsa. Idon irin waɗannan rediyon kuwa rarrauna ne, ga ƙura, ga batir."

Na ce to me ya sa kullum sai a ƙarshe. Ya sa yatsa a tsakiyar faifan ya ja zuwa gefe. Ya ce daga ciki ake fara rubutu a fito waje, kuma injin yana ƙara gudu ne yana matsowa baki, saboda haka abin da ya zo ƙarshe a dogon faifai shi ya fi shan wahala. Gajere ba ya kai wa nan. Ya ce in koma in duba, kafin a danna a fara akwai wurin zaɓen gudu, in sauke shi zuwa takwas, in ya ƙi in sauke zuwa huɗu, kada kuma in taɓa kwamfutar har ta gama.

Wurin yana nan, ɗan ƙaramin akwati a gefen allon, na fi shekara biyu ina wuce shi. Lambar da ke ciki arba'in da takwas ce. Na mayar da ita huɗu. Faifan ya ɗauki kusan minti ashirin, ina zaune na haɗa hannu a cinya. Na sa shi a rediyon Maman Sadiya. Malam ya ce, "To, sai batun makaranta," ya ci gaba, ya faɗi duk abin da zai faɗa, ya yi salati, ya rufe. Na yi kuka a wurin, kuma ba duka na daɗi ba ne. Da babanku ya dawo na ba shi makullin falo na gaya masa komai, har da zargin da na yi masa. Ya ce ya sani. Ya ce in shirya, jibi za mu Miga.

Aka sake tara dattawa a zaure, an aika Ringim, Malam Nasiru ya zo shi kaɗai. A rediyon Yaya aka sa, wanda na ce an taɓa. Da aka iso wurin, zauren ya yi tsit har ana jin kukan kaji a cikin gida. Muryar ta wuce. Da aka gama, Malam Nasiru ne ya fara tashi, ya je ya durƙusa gaban Yaya ya ba shi hannu, ya ce Malam ya yi daidai, kuma zai riƙa zuwa kamar yadda aka ce. Ya cika, bai fasa ba har ƙafarsa ta gaza. Ɗaliban da suka tafi, wasu sun dawo, wasu ba su dawo ba. Yaya bai ba ni haƙuri da baki ba, ba halinsa ba ne. Da za mu tafi ya rako ni har mota, abin da bai taɓa yi ba, ya sa aka ɗora mana buhun sabon gero, ya ce in gaida yara.

Daga Miga ban koma Dutse ba, na ce babanku ya kai ni Ringim. Na tarar da Hadiza a tsakar gida tana gyaran zogale. Ta shimfiɗa mini tabarma, ta kawo ruwa, muka gaisa kamar baƙi. Na ba ta labarin gudun injin da Malam Bala da rediyon maƙwabciya, ina ta bayani, ita tana tsinke ganye. Na ga bayanin ba shi ne abin da ya kawo ni ba, na tsaya. Na ce na zalunce ta, a gaban mutane, ranar arba'in ɗin ubanmu, ta yafe mini. Sannan ta ce mini a gidansu ko rediyo mai cin faifai babu. Da ambulan ta jiƙe, ta goge faya-fayan ɗaya-ɗaya ta naɗe a ɗankwalinta, ta sa a ƙasan akwati, ta hana kowa taɓawa, domin muryar Malam ce a ciki.

"Tun ranar na san Yaya Ɗahiru aka ba," in ji ta. "Da mijina aka ba, ba za ki zarge ni ba. Ke kika faɗa mini, ba ki sani ba."

Na tambaye ta ko ta gaya wa Malam Nasiru. Ta girgiza kai. Ta ce wata biyar yana tambayarta abin da ya haɗa mu, ɗalibai suna zuwa suna zuga shi, tana ji, ba ta buɗe baki ba. Ta ji na ce Malam ya sa alkawari, ta ga in ni na kasa riƙe shi duka, ita sai ta riƙe sauran.

Ta ce ta yafe, duniya da lahira, kuma na yarda har zuciyarta ta faɗa, domin Hadiza ba ta iya faɗin abin da ba ta nufi ba. Ta zuba mini zogale a leda, ta rako ni ƙofar gida. Na shiga mota, ta sunkuyo ta taga ta gaida babanku, sannan ta dube ni.

"Allah ya kiyaye hanya, Hajiya."

Tun tana koyon magana Yaya take ce mini. Mun yi shekaru bayan nan muna zumunci, ta zo bukukuwanku, na je na 'ya'yanta, da na yi jinya ita ta zauna da ni a asibiti. Na yi ta sauraron ranar da bakinta zai kuskure ya koma yadda yake. Bai kuskure ba.